Yadda muke cire tabo daga kaya da haidurojin: jini, goro, zobo, gumin hammata, har da ƙunar guga

Ni dai sana'ata wanki da guga ce anan Agege, kuma duk wanda yasan Agege yasan irin kayan da ake kawo mana, mahauta daga kwatar Oko-Oba da rigunansu duk jini, 'yan goro da jan tabo a ƙirjin kaftani, mutanenmu na kasuwar Mile 12 da ruwan tumatir da tattasai, ga kuma Hajiyoyi da zanin gado da yunifom ɗin yara wanda zobo ya yi wa kaca-kaca. Kusan kullum sai an samu mai tambayata wai wane sirri muke zubawa a ruwa. Ba wani sirri wallahi, ruwan nan ne na wanke ciwo da ake sayarwa a kemis, wanda kowa yake ce wa haidurojin, a jikin kwalbar zakaga an rubuta Hydrogen Peroxide. Shi ne kawai, sai dai akwai yadda ake yi, kuma akwai inda in ka zuba shi asarar kuɗinka kayi, wani wajen ma asarar rigar.

Abu ɗaya nakeso ka riƙe tun kafin ka je kemis: haidurojin launi yake ci. Baya cin maiƙo, baya cin tsatsa. Jini, goro, shayi, kofi, zobo, ruwan tumatir, rawayan gumi, funfuna, duk waɗannan launi ne ya kama zare, su ne aikinsa. Amma manja da man gyaɗa da baƙin mai na bakanike da turaren mai, waɗannan maiƙo ne, sabulu suke so tukuna. Yawancin masu cewa sun gwada bai musu aiki ba, in ka bincika zaka tarar akan maiƙo suka zuba.

Ƙanena da ya yi karatun kimiyya shi ya taɓa min bayani, yace ruwan sha H2O ne, shi kuma wannan H2O2, wato ruwa ne da aka ƙara masa iskar oksijin guda ɗaya wadda bata zauna daram ba, da ta samu dama sai ta fice ta afka wa launin tabon ta wargaza shi, abinda zai rage sai ruwa zalla. Yace wani Bafaranshe Louis Jacques Thénard ne ya gano shi tun 1818. Ni abinda ya dameni a ciki shi ne wannan na ƙarshe, cewa ruwa yake komawa, shi yasa baya barin wari a jikin kaya kuma baya cinye zare irin yadda bilic mai kulorin su Hypo da Jik suke yi in an cika su. Garin cire tabo irin su Vanish ma in ya shiga ruwa haidurojin ɗin yake saki, don haka ba baƙon abu bane a harkar wanki.

To mu fara daga kemis. In an miƙo maka kwalbar kar ka sa a aljihu ka tafi, juya ta ka karanta. Zakaga ko dai 3% ko 6%, wani lokacin a rubuta 10 vol ko 20 vol, 10 vol shi ne 3%, 20 vol shi ne 6%. Duk awon da zan faɗa anan na 3% ne. In 6% ka samu, wanda shi muka fi cin karo da shi, sai ka raba, murfi ɗaya na haidurojin murfi ɗaya na ruwa mai kyau, ya dawo 3% kenan. Kuma ka haɗa iya wanda zaka yi aiki da shi a lokacin, kar ka tsarma kwalbar gaba ɗaya ka ajiye. Wanda masu saloon suke haɗa rinin gashi da shi, mai 30 vol ko 40 vol, wato 9% da 12%, dan Allah kar ka kusanto da shi kusa da kaya, yafi ƙarfin wannan aikin kuma yana ƙona hannu.

Sauran kayan aikin duk akwai su a gida, roba ko baho na roba, farin tsumma ko tsohuwar farar singileti, auduga, tsohon burushin haƙori, omo, sabulun wanke-wanke mai ruwa, sai bekin soda. Bekin soda nace, ta masu kek, ba bekin fauda ba, kuma ba sodar da ake yin sabulu da ita ba, waccan tana cin fata. Kar kayi aikin a kwanon ƙarfe ko tsohon bokitin ƙarfe mai tsatsa, ƙarfe yana sa haidurojin ya tashi da sauri ya ƙare a banza, kuma daidai wajen da tsatsa ta taɓa yadi yana iya raunana zaren har ya huje.

Maganar ruwa kuma, mu a Legas sai an yi ta. Bohol da rijiyoyin wasu unguwanni ruwansu akwai ƙarfe a ciki, zaka ɗebo shi fari tas, ka barshi ya kwana ka tarar ya yi ja-ja a gindin bokiti. Irin wannan ruwan in ka haɗa shi da haidurojin ko bilic, ƙarfen ne zai fito ya zauna a jikin farin kaya, kana neman fari sai ka samu ruwan ƙwai. In kasan ruwan layinku haka yake, ko baka san inda mai ruwa ya ɗebo ba, to na wajen tabon dai ka sayi fiya wata leda biyu uku, ko ka tari ruwan sama tunda Allah ya hore mana shi anan.

Mataki na gaba shi ne wanda kowa yake tsallakewa, gwaji. Juya rigar, nemi cikin lafin ƙasa ko cikin aljihu ko bakin ɗinki inda ba mai gani, ɗiga haidurojin ɗigo ɗaya ko biyu, jira minti 10, sannan ka danna farin tsumma a wajen. In launi ya biyo tsumman, ko wajen ya yi haske fiye da gefensa, to shikenan wannan rigar ba ta haidurojin bace. Ni na koyi wannan ne da tsada. Wani Alhaji ya kawo min shadda rinanniya ruwan toka gab da Sallah, da ɗan tabon goro a gaba wanda bai kai ƙwayar wake ba, ni kuma ina gaggawa kaya sun taru, na tsiyaya kai tsaye na tafi guga, ko da na dawo goro ya tafi amma ya tafi da rinin, farin da'ira kamar an ɗora kwabo. Bawan Allah bai min faɗa ba, cewa kawai ya yi Malam ai da ka bar min goron, wallahi da zagina ya yi da yafi min sauƙi. Tun daga ranar rinanniyar shadda, baƙaƙen kaya, adire, atamfa mai zuba, siliki, ulu, hula kube da zanna, duk sai na gwada, wasu ma bana kusanto musu da haidurojin ko don gwaji. Leshi mai duwatsu da aikin wuya mai zaren ƙarfe mai walƙiya su ma a kiyaye, haka zif da maɓallin ƙarfe, a kewaye su.

In gwaji ya yi kyau, sai ka shimfiɗa kayan a inuwa, ka ninka farin tsumma ka cusa ƙarƙashin tabon, tsakanin gaba da bayan rigar, don abinda ya narke ya sauka a tsumman kar ya ratsa ɗaya ɓangaren. Tsumman fari fa, in ka sa mai launi shi zai zuba a rigar ka shiga sabuwar matsala.

Bari in fara da jini tunda shi nafi gani. Dokar jini guda ɗaya ce, ruwan sanyi. Ruwan zafi dafa jini yake yi ya manne a zare, kamar yadda ƙwai yake daskarewa a kasko. In sabo ne ka juya rigar ta baya ka sakar mata ruwan sanyi ta bayan tabon, don ruwan ya tura jinin ya fita ta inda ya shigo, rabi zai tafi tun anan. Ka matse kaɗan, sannan ka ɗiga haidurojin daidai kan tabon. Nan take zakaga farin kumfa yana tashi yana ƴar ƙara, kar ka tsorata, akwai wani sinadari a cikin jini mai suna katalas shi yake fasa haidurojin ɗin da sauri. Barshi ya gama kumfarsa, minti 2 zuwa 5, ka danna da tsumma ka ɗauke, dannawa ba gogawa ba, in ka goga faɗaɗa tabon zaka yi. Ka sake ɗigawa, ka sake dannawa, kana matsar da tsumman ƙasa zuwa waje mai tsabta, har kumfan ya daina tashi sosai. Daga nan ka ɗauraye da ruwan sanyi ka wanke da omo kamar kullum.

Tsohon jini wanda ya bushe ya koma ruwan ƙasa, irin na mahaucin da ya cusa rigar a leda tun shekaranjiya, ko kayan layya da aka manta da su sai bayan yawon Sallah, wannan sai ka jiƙa shi tukuna a ruwan sanyi da ɗan omo kamar awa ɗaya ko biyu ya yi laushi, ka kankare busasshen da bayan cokali, sannan ka bi da haidurojin. Zai iya kaiwa zagaye uku ko huɗu, kuma kumfan ba zai kai na sabo ba. Haka ƴan uwa mata zasu yi da zanin gado da kayan ciki na lokacin al'ada ko na jego, katifa ma haka, sai dai ita kar a tsiyaya da yawa ya nutse cikin soso, a jiƙa auduga a dinga dannawa, a bi da jiƙaƙƙen tsumma, a kunna mata fanka.

Goro, shayi, kofi, zobo da ruwan tumatir basa kumfa, kuma anan mutane suke karaya, sun zuba sun ga shiru sai su ce kwalbar ta lalace. Ba haka bane, su a hankali yake cinsu. Ka fara wanke wajen da ruwa da ɗan sabulu mai ruwa, ka ɗauraye, sannan ka jiƙa tabon sosai da haidurojin ka barshi minti 20 zuwa 30. Abinda zaka kula kar ya bushe, in ya bushe aiki ya tsaya, sai ka dinga leƙawa kana ƙara ɗigo, ko ka rufe wajen da farar leda. Goro yafi taurin kai, musamman wanda aka tauna ya haɗu da yawu ya kwana ya yi ja sosai, shi kam ina yayyafa ɗan bekin soda a kai bayan na zuba haidurojin, saboda soda tana ƙara masa kuzari, in ɗan shafa da burushi a hankali daga gefe zuwa tsakiya. Shayi mai madara, irin na mai shayi da safe, ka tuna akwai maiƙon madara a ciki, sabulu da ruwan sanyi tukuna. In farin kaya ne, bayan ka ɗauraye ka shanya a rana, rana tana ƙarasa ɗan inuwar da ta rage. Mai launi kuma a inuwa.

Miyar stew da manja su ne masu fuska biyu, maiƙo da launi a haɗe. Ka kwashe na sama da cokali, ka zuba sabulun wanke-wanke kai tsaye akan busasshen yadin, ka murza da yatsa, ka bari minti 15, ka ɗauraye da ruwa mai ɗumi, in da saura ka maimaita. Sai ka tabbatar maiƙon ya fita, ya rage ɗan rawaya-rawayan nan, sannan haidurojin zai shigo. Sau da yawa ma launin manja rana kaɗai take cinye shi.

Yanzu gumin hammata da dattin wuya, wanda duk mai shiga motar danfo a go-slow ɗin Oshodi da farin kaftani ya sani. Rawayan nan gumi ne ya haɗu da maiƙon jiki da sinadarin alminiyam da yake cikin wasu turarukan shafawa na hana gumi, kuma in ka zuba masa bilic mai kulorin sau da yawa ƙara rawaya yake yi, shi yasa zakaga singileti an yi ta bilicinta amma hammatar tana nan kamar an shafa kurkur. Haɗin da nake yi, babban cokali 2 na haidurojin, babban cokali 2 na bekin soda, ƙaramin cokali 1 na sabulun wanke-wanke, in ya yi kauri da yawa a ɗiga ruwa, ya zama kamar koko mai kauri. Ka juya rigar ta ciki domin ta nan dattin yake, ka shafa, ka dirza da burushin haƙori kamar minti ɗaya, ka ajiye minti 30 zuwa awa ɗaya, ka wanke da ruwa mai ɗumi. Wanda ya shekara ana guga a kansa ba zai fita rana ɗaya ba, gaskiya kenan, amma wanki biyu uku zakaga bambanci. Wannan haɗin a ƙaramin kofi buɗaɗɗe ake yinsa a yi amfani da shi nan take, kar ka ɗura a gora ka toshe wai na gobe, iska yake fitarwa, gorar zata kumbura ta iya fashewa, kuma kafin goben ma ƙarfinsa ya tafi.

Funfuna kuwa ai mu da ita sai addu'a, daga watan Afrilu zuwa Oktoba kaya sai su kwana biyu a igiya basu bushe ba, ka buɗe akwati ka tarar da baƙaƙen ɗigo-ɗigo da warin nan. Ka fitar da kayan waje ka kakkaɓe da busasshen burushi, a waje fa kar ka shaƙa a ɗaki, ka jiƙa ɗigon da haidurojin minti 30, ka wanke da omo da ruwa mai ɗumi, ka nemi rana ko ta awa biyu ce. Sabuwar funfuna tana fita. Wadda ta daɗe ta yi baƙi ƙirin ta riga ta ci zaren, zata dusashe amma kar ka yi wa mai kaya alkawari.

In kuma ba tabo ɗaya bane, fararen kaya ne gaba ɗaya suka dushe, singileti, hijabi, safa, yunifom, tawul, to jiƙo za a yi. Ruwa mai ɗumi kamar lita 5 a roba, omo daidai yadda ka saba, haidurojin kofi ɗaya wato wajen 250ml na 3%, in 6% ne rabin haka. Ka nutsar da kayan duka kar wani ya leƙo sama, minti 30 zuwa awa ɗaya, ka cuɗa ka ɗauraye sosai, sannan ka sa bula da sitaci in kana sawa. Mai injin wanki shi ma kofi ɗaya ne, bayan ruwa ya shiga.

Sai wadda ta shafi sana'ata kai tsaye, ƙunar guga. Duk mai aiki da dutsen gawayi saboda halin wutar NEPA yasan yadda ake yi, ka ɗan juya ka amsa sallama ka dawo ka tarar da rawayan shatin dutse a bayan farar riga. In ƙunar sama-sama ce, rawaya ko ruwan ƙasa mai haske akan farin yadin auduga, tana gyaruwa. Jiƙa farin tsumma da haidurojin, shimfiɗa akan wajen, ɗora wani busasshen tsumma a sama, sannan ka danna dutse mai matsakaicin zafi na ƴan daƙiƙu, ka ɗaga ka duba, ka sake jiƙawa ka maimaita. Kar ƙarfen dutsen ya taɓa jiƙaƙƙen tsumman kai tsaye. Bayan nan ka ɗauraye wajen. Amma in yadin roba ne ya narke ya yi ƙyalli, ko ƙunar ta yi baƙi zaren yana karyewa, ba abinda zai dawo da shi, gara ka je ka faɗa wa mai kaya gaskiya tun kafin ya gani da idonsa.

Tunda muna kan guga, kowane irin tabo ne kar ka ɗora masa dutse sai ka tabbatar ya fita. Jiƙaƙƙen yadi yana ɓoye tabo, zakaga kamar ya tafi, sai ya bushe inuwarsa ta dawo. Ka bari ya bushe, ka ɗaga shi a hasken rana ka duba, in da saura ka koma zagaye na biyu. Zafin dutse gasa tabo yake yi a cikin zare. Kuma ka ɗauraye haidurojin ɗin tas kafin shanya, wanda aka bari a jikin yadi ya shiga rana yana iya barin zobe a wajen.

Abubuwan da ba a haɗa shi da su, bilic mai kulorin na farko, in sun haɗu tafasa suke yi su yi tartsatsi su kashe juna, ka yi asarar duka biyun, in ka riga ka sa bilic a riga sai ka ɗauraye sosai kafin ka kawo haidurojin. Na biyu ruwan khal wato vinegar, kar a zuba su a kwalba ɗaya, wani asid suke haifarwa mai cin fata da ido da maƙogwaro. Shi kansa haidurojin in ya daɗe a yatsunka zakaga fatar ta yi fari tana ɗan zafi, zai wuce, amma mai wanki da yawa ya sa safar hannu ta roba. In ya fantsama a ido a yi ta zuba ruwa mai kyau kamar minti 15, in zafin bai lafa ba a tafi asibiti. Kuma kala ɗaya yake da ruwan sha, don haka kar a juye shi a gorar ruwa ko ta lemo, a ɗora shi sama inda hannun yara baya kaiwa.

Tsatsa, irin ta igiyar waya ko ƙusa ko hanga, na riga na faɗa ba aikinsa bane, lemun tsami da gishiri ake matsa mata a sa a rana. Tawadar biro kuma sifirit na kemis yafi, ka ɗiga ta baya kana dannawa akan tsumma.

Kwalbar da haidurojin yake zuwa a ciki ba banza aka yi ta mai duhu ko wadda haske baya ratsawa ba, haske da zafi suna kashe shi, don haka a barshi a cikinta, a toshe da kyau, kar a ajiye a taga ko kusa da murhu ko inda ake hura gawayin guga. Da zarar an buɗe ƙarfinsa yana raguwa a hankali, bayan ƴan watanni zaka iya tarar da ruwa ne kawai a ciki, shi yasa nake sayen ƙananan kwalabe maimakon babba guda. In kana shakkar wadda take gidanka, yanka ɗanyen dankalin turawa ka ɗiga a kai, ko ɗan guntun ɗanyar hanta in kana kusa da mahauta irina. In ya yi kumfa yana da rai, in ya kwanta shiru ka zubar ka aiki yaro kemis.